Kadinal Léger da Guragun Yawunde: Darasi Daga Tarihin Maƙwabtanmu

Duk wanda ya taso daga Briqueterie ya bi ta Cité Verte ya nufi Etoug-Ebe, zai tarar da wata cibiya da ake yi wa guragu gashin ƙashi, ake ƙera musu takalma da ƙafafun roba. Da yawanmu mun san ƙofarta, amma kaɗan ne suka san wanda ya kafa ta.

Sunansa Paul-Émile Léger, mutumin Kanada, an haife shi a 1904. A 1950 aka naɗa shi babban limamin Katolika na birnin Montreal, a 1953 kuma ya zama Kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan da ke zaɓen Paparoma. A ƙarshen 1963 ya zagaya wasu zangunan kutare na Afirka, abin da ya gani kuwa bai bar zuciyarsa ba. A watan Nuwamba na 1967, yana da shekara 63, ya shelanta cewa zai sauka daga kujerarsa. Ya bar daula, ya taho Kamaru ya zauna kusa da kutare.

Da ya zauna sai ya lura da wata masifar: yaran da shan inna ta shanye wa ƙafafu, suna jan gindi a bakin titi. Ya nemo taimako daga mutanen ƙasarsa ya gina cibiyar Etoug-Ebe, aka buɗe ta a 1972, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo. A 1978 ta koma hannun gwamnati, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Shi kuwa ya rasu a Montreal a 1991.

Me ya kai shi ga haka? A wurin Kirista, hidimar majinyaci ibada ce. Linjilarsu ta ba da labarin yadda Annabi Isa (AS) ya miƙa hannu ya taɓa kuturu a lokacin da jama'a ke gudunsa, ta kuma koyar da cewa za a tambayi mutum game da mayunwaci da maras lafiya da ɗaurarre. Mu ma Alƙur'ani, a Suratul Hadid aya ta 27, ya shaida cewa Allah Ya sanya tausayi da jinƙai a zukatan mabiyansa.

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Gaskiya ne wa'azin addininsu na tafe da maganin, shi ya sa malamai da iyaye suka yi ɗari-ɗari, kuma suna da hujjarsu. Amma gaskiya ne kuma cewa sun wanke gyambon da dangi suka ƙyamata.

Yau kuturta na warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunanta, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Shan inna ma rigakafi ya karya lagonta. Abin da bai warke ba shi ne halinmu: har yanzu akwai gidajen da ke ɓoye yaro naƙasasshe a ƙuryar ɗaki don kunya, ko su tura shi bara ƙofar masallaci ranar Juma'a, alhali cibiyar da za ta iya tsayar da shi da ƙafarsa tana nan cikin garinmu.

Dattijon nan ya ƙetaro teku saboda yaran da ba nasa ba. Mu kuɗin tasi kawai ke tsakaninmu da Etoug-Ebe. Ya kamata masu unguwa da limamai da ƙungiyoyin matanmu su san gidajen da ke da irin waɗannan yara, a haɗa hannu a kai su a duba su, a sa su makaranta. Sadakar da aka jefa a ƙoƙo ta yini ɗaya ce, amma wadda ta miƙar da yaro tsaye sadaka ce mai gudana.

Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya ba majinyatanmu lafiya.