2.2 Kwal, Roba da Giwaye: Tarihin Jigon Lalacewar Muhalli a Adabin Faransanci (1885-1956)

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda marubuta cikin harshen Faransanci suka fara nuna damuwa kan ɓarnar da ci gaban ƙere-ƙere ke yi wa ƙasa. Galibi akan ɗauka wannan jigo ya kunno kai ne bayan shekarar 1970, musamman da yake sai a 1971 Faransa ta kafa ma'aikatar muhalli. Wannan nazari yana ganin jigon ya girmi haka nesa ba kusa ba, sai dai a farkon al'amari ya shigo ne a ɓoye cikin labarin wahalar talaka.

Misali na farko shi ne Germinal na Émile Zola, wanda ya fito a 1885. Kafin ya rubuta shi, Zola ya ziyarci mahaƙar kwal ta Anzin da ke arewacin Faransa a 1884, lokacin da ma'aikata ke yajin aiki, har ya shiga ramin da kansa. Babban jigon littafin shi ne gwagwarmayar ma'aikata da masu jari. Amma mai karatu da ya lura zai ga ita ma ƙasar tana shan azaba. An siffanta ramin Voreux tamkar dodo mai haɗiye mutane kowace safiya. Akwai filin Tartaret, inda kwal ke ci da wuta a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru. Akwai kuma tsohon doki Bataille, wanda ya shekara goma a cikin rami bai ga rana ba. Duk da haka Zola bai tsani na'ura ba. Ƙorafinsa yana kan wanda ya mallake ta ne.

Daga nan sai jigon ya ƙetara zuwa ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, domin masana'antun Turai suna buƙatar roba, ita kuwa a dazuzzukan Afirka ta Tsakiya ake tatso ta. René Maran, baƙar fata ne da ya yi aikin mulki a Ubangi-Shari, ya wallafa Batouala a 1921 kuma ya sami lambar yabo ta Goncourt. A gabatarwar littafin ya nuna yadda tilasta wa mutane tatsar roba ya hana su noma, gonaki suka koma daji, yunwa da cuta suka cinye ƙauyuka. André Gide ya ƙarfafa wannan zargi a Voyage au Congo (1927), inda ya tona asirin kamfanonin da aka ba su makeken daji su ci yadda suka ga dama. A daidai wannan zamani ne ake shimfiɗa hanyar dogo daga Brazzaville zuwa Pointe-Noire (1921-1934), aikin da aka ƙiyasta ya ci rayukan mutane aƙalla 17,000, da yawansu 'yan ƙabilar Sara ne da aka kwaso daga kudancin Cadi.

Littafin da ya fito da jigon fili shi ne Les Racines du ciel na Romain Gary, wanda ya ci lambar Goncourt a 1956, wato shekara shida kafin Rachel Carson ta fitar da littafinta kan illar magungunan ƙwari a Amurka. An gina labarin a Cadi, ya faro daga Fort-Lamy, garin da aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. Tauraron labarin, Morel, Bafaranshe ne da ya sha ɗauri a sansanin Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tunanin giwaye suna yawo a sake ne ya riƙe masa hankali a can. Da ya zo Afirka sai ya dinga yawo da takardar koke yana neman a sa hannu a hana kashe giwaye. Da aka mayar da shi abin dariya, sai ya ɗauki bindiga ya shiga daji yana hukunta mafarauta da dillalan haure.

Abin da ya fi jan hankalin wannan nazari shi ne abokin tafiyar Morel, wato Waïtari, ɗan Afirka mai ilimin zamani wanda ya taɓa zama ɗan majalisa a Faris. Shi bai damu da giwa ba. A ganinsa Turawa sun gama cinye nasu dazuzzukan sun gina masana'antu, yanzu kuma suna so Afirka ta zauna gidan namun daji don su zo kallo. Abin da yake nema shi ne hanyoyi da lantarki da masana'antu, kuma yana raɓar Morel ne kawai don sunan da hakan zai jawo wa fafutukarsa ta neman 'yanci. A ra'ayina Gary bai yi wa Waïtari adalci ba, domin ya ɗora masa son mulki da yaudara har hujjarsa ta yi rauni a idon mai karatu. Alhali kuwa hujja ce mai nauyi: manomin da giwa ta tattake masa gona, da wanda rabonsa da nama ya daɗe, ba za su kalli dabbar da idon Morel ba. Gary ya taɓo wannan batu na gona da nama, amma muryar manomin kansa ba ta cika fitowa ba. Turawa da 'yan boko ne ke muhawara a kansa.

A sashe na gaba za a duba yadda marubutan Afirka da kansu suka ɗauki wannan muhawara bayan 1960, a fara da Les Bouts de bois de Dieu na Sembène Ousmane, wanda ya ginu kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Neja a 1947 da 1948.