Ƙungiyar Hikima ta Kano da Waƙoƙin Zaman Gida

Ko da yake an haura shekara goma da rasuwar Alhaji Mudi Sipikin, Allah Ya jiƙansa da rahama, wanda ya riga mu gidan gaskiya a 2013, har yau ba a ba Ƙungiyar Hikima, wadda ya kafa a birnin Kano, haƙƙinta na tarihi yadda ya kamata ba. Mudi, wanda aka haifa a 1930, yana cikin samarin da suka assasa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma tun yana matashi ya yi ƙarfin halin mayar wa Malam Sa'adu Zungur martani da waƙa a kan makomar Arewa, abin da ba kowane sha'iri zai tunkara ba a wancan zamani.

Da soja suka karɓi mulki a 1966 aka soke jam'iyyu, sai marubuta waƙoƙin siyasa suka wayi gari ba dandali, kuma a nan ne hangen nesan Mudi ya bayyana, domin majalisar da ya tara wa mawaƙa ta karkata alƙalumansu zuwa ga abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya: tsadar aure da kayan lefe, yawan saki, zaman kishiyoyi, tarbiyyar 'ya'ya, da son kuɗin da ke raba ɗa da mahaifi. Ba Hikima kaɗai ba ce a fagen, akwai Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, amma a ganina Hikima ce ta fi kusantar tsakar gida.

Shekarun 1970 su ne ganiyarta. Mawaƙi zai zo da littafinsa na rubutu, da boko ko da ajami, ya buɗe da basmala da salati ga Ma'aiki, sannan ya rera baitocinsa ba kiɗa, 'yan'uwa na saurare, in kari ya karye ko ƙafiya ta zame a nuna masa cikin ladabi. Daga nan waƙar ta bi rediyo ta isa zaurukan malamai da ɗakunan matan kulle waɗanda ba su taɓa riƙe littafin waƙa ba. Zamani ne na sauye-sauye, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Naira da Kwabo sun maye gurbin fam da sule a 1973, ga fari ga ƙidaya a wannan shekara, jama'a kuwa na bukatar mai yi musu bayani da harshen da suke ji. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ƙungiyar ba ta rufe wa mata ƙofa ba, har Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu suka yi fice, kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙinsu a 1983 da sunan Alƙalami a Hannun Mata. Wani Bature mai suna Graham Furniss ma a kan Hikima ya rubuta kundin digirinsa na uku a Landan a 1977.

Daga baya, da siyasa ta dawo a 1979, tattalin arziki ya tsuke, kaset da fina-finai suka janye kunnuwan matasa, sai muryar ƙungiyar ta yi ƙasa, wanda kuwa al'amari ne da ya shafi kusan dukan majalisun adabi, ba laifin kowa ba.

Amma matsalolin da ta yi wa nasiha suna nan daram, lefe bai yi sauƙi ba, zawarawa ba su ragu ba, matasan da ke rera baitoci a Facebook kuwa ba su da majalisar da za ta gyara musu kari. Saboda haka wajibi ne Jami'ar Bayero da gidajen rediyon Kano su nemo rubuce-rubucen 'yan Hikima daga hannun magadansu, da duk faifan da ya saura, a buga su, a kuma sake buɗe majalisar ga masu tasowa, maza da mata.