Allurar da ke dawo da murya: daga kakin farafin zuwa yau

A cikin maƙogwaron ɗan Adam akwai wasu tantani biyu masu kama da leɓɓa, waɗanda su ne tushen murya. In za a ja numfashi sai su buɗe, in za a yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta ratsa su suna kaɗawa, kimanin sau 100 a daƙiƙa ga namiji baligi, kimanin sau 200 ga mace. Da zarar ɗayansu ya kasa isowa tsakiya, iska sai ta riƙa zurarewa, murya ta dishe ta koma raɗa, tari ya rasa ƙarfi. Abu mafi haɗari shi ne ruwa da abinci su riƙa sarƙe mutum suna gangarawa huhu, har su haifar da ciwon da kan yi ajali.

Galibi matsalar daga jijiya take. Jijiyar da ke motsa tantanin takan sauka cikin ƙirji, sannan ta juyo sama ta bi gefen maƙogwaro, don haka tiyatar maƙoƙo, ko ta zuciya, ko ciwon dajin huhu, duk suna iya taɓa ta. Tun a ƙarni na 2 Galen ya nuna wa mutanen Rum cewa in aka yanke wannan jijiya a jikin alade, kukansa sai ya ɗauke. Amma ganin tantanin mai rai yana aiki ya jira har 1854, lokacin da Manuel García, malamin waƙa ɗan Sifaniya, ya leƙa nasa maƙogwaron da ƙananan madubai.

A 1911 wani likitan Jamus, Wilhelm Brünings, ya zo da dabara mai sauƙin fahimta: tunda tantanin da ya shanye ba zai motsa ba, a cika gefensa da wani abu ya kumbura ya matso tsakiya, mai lafiyar ya same shi a can. Ya ƙera sirinji na musamman, ya yi amfani da kakin farafin, wanda likitocin zamanin ke cusawa a ƙarƙashin fata don gyaran hanci da fuska. Murya ta dawo, amma jiki bai karɓi baƙon ba. Kakin yakan gusa daga inda aka sa shi, nama ya kewaye shi ya zama ƙulli mai tauri. Aka watsar da farafin, dabarar kuma ta kwanta shekaru masu yawa.

Godfrey Arnold ne ya tashe ta a Amurka a shekarun 1950, inda ya gwada niƙaƙƙen guringuntsi. A 1962 ya gabatar da Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, wanda daga baya ya shahara a tukwanen da abinci ba ya kamawa. An zaci jiki ba zai kula da shi ba, ga shi ba ya narkewa, allura ɗaya ta wadatar har abada. Kusan shekaru 30 shi ne abin yayi. Sannu a hankali sai marasa lafiya suka fara dawowa, wasu bayan shekaru, da ƙullin da ya sandarar da tantanin, wani lokaci har ya tare hanyar numfashi. Cire shi kuwa ba ya yiwuwa sai an ɓata naman da ke kewaye. Garin neman gira wasu suka rasa ido.

Bayanin dalilin haka ya fito daga Japan. A tsakiyar shekarun 1970 Minoru Hirano ya nuna cewa tantanin murya hawa-hawa ne: tsoka a ciki, sai wani shimfiɗi mai taushi a samanta wanda ke yin igiya kamar ruwa yayin magana. Duk abin da ya taurara shimfiɗin nan ya kashe daɗin murya, ko da an rufe giɓin. A 1974 kuma Nobuhiko Isshiki na Kyoto ya bayyana wata tiyata da ake huda ƙaramar taga a guringuntsin maƙogwaro daga waje, a saka ɗan abin tokare da ke tura tantanin ba tare da an taɓa fatarsa ba. Wannan ta ɗauke wa allura nauyin zama gyara na dindindin.

Daga nan bincike ya karkata ga abubuwan da jiki ke iya narkarwa. A 1978 aka fara amfani da Gelfoam, wanda ke ɓacewa cikin makonni huɗu zuwa shida. A shekarun 1980 Charles Ford na Jami'ar Wisconsin ya kawo kolajin na shanu, sai dai dole a fara gwada shi a fata don gudun borin jini. A farkon shekarun 1990 aka koma ɗebo kitsen mara lafiya daga cikinsa a zuba masa a maƙogwaro. Bayan shekarar 2000 sai ga hayaluronik asid, wanda dama akwai irinsa a cikin tantanin, da wani sinadari mai kama da ma'adinin ƙashi wanda kan kai shekara ko fiye.

Narkewar da a da ake ɗauka aibi ce ta zama abin nema, domin jijiyar da ta ji rauni takan farfaɗo da kanta cikin watanni 6 zuwa 12. Allurar wucin gadi tana ba mutum damar magana da haɗiya lafiya a tsawon wannan jira. In jijiyar ta dawo, ba a bar komai a baya ba. In ba ta dawo ba, sai a yi maganar tiyata. Haka ake yi wa tsofaffin da tantaninsu ya sirance saboda shekaru.

A yau sau da yawa ana yin aikin ne mara lafiya na zaune a kujera idonsa biyu, an kashe masa zafin wurin kawai, siririyar kyamara ta bi ta hanci tana nuna maƙogwaro a allo. Likita yakan tura maganin kaɗan-kaɗan, ya ce masa ya yi magana, ya saurara, sannan ya yanke shawarar ko ya ƙara ko ya tsaya.