Amsar Wasiƙunku: Guguwar Galbeston ta 1900

Wani mai sauraronmu, manomin auduga daga Funtuwa, ya rubuto yana tambaya: wai me ya sa in guguwar teku ta afka wa gari, yawan mamatan da ake faɗa da farko yakan bambanta da na ƙarshe?

To malam, ga misali daga Galbeston, wani gari a kan tsibiri a jihar Teksas ta Amurka, wanda ya yi suna wajen fitar da auduga. Ran 8 ga Satumba, 1900, guguwa ta turo ruwan teku mai tsayin ƙafa 15, alhali wuri mafi tudu a garin bai kai ƙafa 9 ba. Gadoji suka karye, wayoyin tangaraho suka tsinke, ba hanyar aika labari. Sai ran 10 ga wata 'yan aike suka isa birnin Hustan, suka ce mutum 500 sun rasu. Wasu ma suka ce an zuzuta. Da aka tone ɓaraguzan gidaje, sai ga shi an rasa rayuka tsakanin 6,000 da 12,000.

Wato wurin da ɓarna ta fi muni, labarinsa ne yake zuwa a ƙarshe. Da fatan ka gamsu.