Land Rover: Tsohuwar motar da ke hannun makanikai har yanzu

A watan Janairun 2016 ne aka ƙera Land Rover samfurin Defender ta ƙarshe mai tsohon fasali a masana'antar Solihull da ke Ingila, bayan da aka fitar da fiye da miliyan 2 tun daga shekarar 1948. Sai dai da dama daga cikinsu na ci gaba da aiki a gonaki da ƙauyuka.

Sauƙin kwancewa

Sirrin daɗewar motar yana cikin yadda aka harhaɗa ta. Da notuna aka ɗaure akasarin sassan jikinta a kan shasi, don haka bakanike na iya kwance ƙofa ko rufi, ko ma ya ɗaga bodin baki ɗaya. Ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa kamfanin Rover yin jikin da alminiyam, wanda ba ya tsatsa.

Inda haɗarin yake

Shi kuwa shasin ƙarfe ne, kuma laka da ruwa kan taru a cikinsa su ci shi ta ciki. Mota kan yi kyau a ido alhali ƙasanta ya ruɓe. Haka kuma alminiyam kan zaizaye a duk inda ya haɗu da ƙarfe cikin danshi. Shi ya sa masu gyara kan fara da ƙwanƙwasa shasin da guduma, idan ya lalace su sauya shi da sabo.

Sauya inji

Injunan dizal na 200Tdi da 300Tdi, wanda ya biyo baya a 1994, su ne makanikai suka fi so, saboda galibinsu ba su dogara da kwamfuta ba. Akan ciro su daga samfurin Discovery a dasa wa tsofaffin motoci. Amma dole a riƙa sauya bel ɗin taimin a kan kari, domin tsinkewarsa kan yi wa inji ɓarna. Wajibi ne kuma a ƙarfafa birki idan an ƙara wa mota ƙarfi.

Batun doka

Amurka na barin a shigo da irin waɗannan motoci ne idan sun shekara 25. A 2013 jami'an kwastan na ƙasar sun murƙushe wata Defender da aka sauya wa lambar shasi domin a ɓoye shekarunta.