HAITI: TAKOBIN DA YA 'YANTA ƘASA YA ƘI KOMAWA KUBE

Yau za mu ƙetare tekun Atlantika zuwa Haiti, ƙasar da bayi baƙar fata suka ƙwace daga hannun Faransa. Muna da dalilin leƙa ta, domin a takardun da Faransawa ke lissafa bayin gandayensu na rake da kofi akwai waɗanda aka rubuta wa "Aoussa", wato Hausawa. Ba su kai mutanen Kwango yawa ba, amma da su aka sha wuyar bautar. Tambayarmu ita ce: yaya aka yi mutanen da suka ci Faransa da yaƙi suka shafe shekaru suna yaƙar junansu?

Bayi sun tayar da ƙayar baya a watan Agusta na 1791, lokacin da yawansu ya kusa rabin miliyan. Bayan shekara goma sha biyu ana gwabzawa, suka karya ragowar rundunar Napoleon a Vertières cikin Nuwamba 1803. Ranar 1 ga Janairu 1804, a garin Gonaïves, Jean-Jacques Dessalines ya shelanta 'yancin kai. Waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin hafsoshin soja ne, kuma a nan tushen maganarmu yake. Yaƙi ya cinye hukumar Turawa, runduna kaɗai ta rage a tsaye, sai ta zama ita ce gwamnati. Tsarin mulkin 1805 ya raba ƙasar gida shida na soja, kowane a hannun janar guda. Tsoron dawowar Faransa kuwa ya hana a sallami mayaƙa. Ke nan kowane janar yana da yanki, yana da dakaru, yana kuma riƙe da gandayen da Turawa suka bari.

Dessalines ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804. Ya tilasta wa talakawa ci gaba da aikin gandu don a sami abin sayen makamai, sannan ya shiga binciken takardun mallakar filaye a kudu, inda manyan 'yan ruwa biyu, masu jinin Turawa da na baƙar fata, suka mamaye gonaki. Ba a tanadi wata hanyar sauke shi ba, don haka hafsoshinsa suka yi masa kwanton ɓauna a Pont-Rouge, bakin birnin Port-au-Prince, suka kashe shi ranar 17 ga Oktoba 1806.

Daga nan aka kafa jamhuriya. Janar Alexandre Pétion da mutanensa suka tsara tsarin mulkin da ya tara iko a majalisar dattawa, suka miƙa wa Janar Henry Christophe kujerar shugaba wadda ba ta da haƙora. Christophe ya ƙi karɓa, ya taso da dakarunsa daga arewa, aka yi karo a Sibert ranar 1 ga Janairu 1807, shekara uku cif da samun 'yanci. Ƙasa ta rabe biyu. A arewa Christophe ya zama Sarki Henri na Ɗaya a 1811, ya riƙe gandaye da aikin tilas, ya gina katafariyar ganuwar Citadelle a kan dutse. A kudu Pétion ya zama shugaban jamhuriya. Da baitulmali ya gaza biyan sojoji, sai ya riƙa yanka musu filaye, abin da ya jawo masa ƙaunar talaka, ya kuma durƙusar da cinikin sukari. Shi ma ɗin bai jima ba ya ture majalisar da ya gina, a 1816 ya zama shugaba na har abada.

Pétion ya rasu a 1818, Jean-Pierre Boyer ya gaje shi. A 1820 shanyewar ɓarin jiki ta kama Christophe, sojojinsa suka juya masa baya, ya harbe kansa a fadarsa ta Sans-Souci. Boyer ya haɗe ƙasar, a 1822 ya ƙara da gabashin tsibirin mai magana da harshen Sifaniya. Sai ga wata masifa daga waje. A 1825 Sarkin Faransa Charles na Goma ya turo jiragen yaƙi, ya ce ba zai amince da 'yancin Haiti ba sai ta biya diyyar faran miliyan 150 ga tsoffin iyayengijin bayi. Boyer ya yarda, ya ranto kuɗin kashin farko daga bankunan Faransar kanta. Ko da aka rage diyyar zuwa miliyan 90 a 1838, nauyin ya fi ƙarfin ƙasar. Don a tara kuɗin, ya kafa dokar karkara ta 1826 wadda ta hana manomi barin gona ba da izini ba. Mutumin da ubansa ya mutu a yaƙin 'yanci ya wayi gari yana noman kofi don a biya wanda ya bautar da uban.

A 1843 Charles Rivière-Hérard ya yi juyin mulki, Boyer ya gudu Jamaika. Cikin Fabrairu 1844 gabas ta ɓalle ta zama Jamhuriyar Dominika. A shekarar ce kuma manoman kudu suka tashi a ƙarƙashin Jean-Jacques Acaau, da sanduna masu tsini a hannu, suna neman gona da ilimi. Manyan birni suka tsorata, suka ɓullo da dabarar ɗora tsoffin janar-janar baƙar fata a kujera, su kuwa suna juya akala daga baya. Haka aka yi Guerrier, aka yi Pierrot, aka yi Riché, ba wanda ya cika shekara ɗaya sosai a kai. A 1847 suka zaɓi Faustin Soulouque, shugaban dogaran fada, suna zaton zai biyu. Sai ya juyo kansu, ya sa aka karkashe da yawa daga cikinsu a 1848, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1849. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Janar Fabre Geffrard ya kifar da Soulouque a 1859, ya maido da jamhuriya, shi ma tawaye ya kore shi a 1867. Magajinsa Sylvain Salnave ya yi zamaninsa cikin yaƙin basasa, har ƙasar ta kasu uku, kowane yanki da shugabansa. A ƙarshen 1869 wuta ta kama rumbun albarushin fadar shugaban ƙasa, fadar ta tarwatse. A kan kufanta aka harbe Salnave cikin Janairu 1870.

Wasu marubutan Turai na wancan zamani sun ce wannan duka shaida ce cewa baƙar fata bai iya mulki ba. Tarihin maƙwabtan Haiti ya ƙaryata su, domin Meziko da Peru da Boliviya, inda jikokin Sifaniyawa ke riƙe da mulki, sun sha irin wannan juye-juyen a ƙarnin. Cutar guda ce: runduna ta riga hukuma haihuwa, ba a daidaita kan yadda mulki zai fita daga hannu zuwa hannu ba, ba a kuma warware wa talaka maganar gona ba. Haiti ta ƙara da bashin Faransa da ƙiyayyar ƙasashe masu bayi, har Amurka ba ta amince da ita ba sai 1862.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa wayar gari da taken soja a rediyo a ƙasashen da muke zaune, mun kuma san cewa in kasuwa ta watse, baƙo da talaka ne ke fara kwana da yunwa. Shi ya sa muke son a riƙe sunan Nissage Saget. Shi ma janar ne, da yaƙi ya hau bayan Salnave. Amma da wa'adinsa ya cika a 1874, sai ya sauka da kansa, ya koma garinsu Saint-Marc ya zauna har ya rasu. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.