3.2 Tambarin da ke Gindin Butar Shayi: Gane Maƙeri da Irin Ƙarfe

Wannan sashe zai duba tsofaffin butocin shayi na ƙarfe waɗanda aka ƙera a Ingila a ƙarni na 19, domin a ga yadda tambarin da ke gindinsu yake bayyana wanda ya ƙera su da ƙarfen da aka yi su da shi. Abin da ya sa batun yake da muhimmanci ga mai nazarin tarihi shi ne, sau da yawa akan kafa hujja da irin waɗannan kayayyaki wajen ƙididdige shekarun wani gida ko wata hulɗar ciniki. Idan aka karanta tambarin a karkace, to lissafin da aka ɗora a kansa ya rushe.

Tambarin iri biyu ne: akwai wanda hukuma ta buga, akwai kuma wanda maƙeri ya buga wa kansa. Na hukuma ya samo asali ne daga dokar shekarar 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, wadda ta wajabta a gwada kayan azurfa a buga musu kan damisa kafin a sayar. Ma'aunin shi ne kashi 925 cikin 1000 ya zama azurfa zalla. A 1478 aka soma buga harafin shekara a Landan, a 1544 kuma aka ƙara hoton zaki mai tafiya. Biranen Birmingham da Sheffield sun sami ofisoshin gwajinsu a 1773. Na farko ya ɗauki ƙugiyar jirgin ruwa a matsayin alama, na biyu ya ɗauki kambin sarauta, wanda aka maye gurbinsa da fure a 1975. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Saboda haka butar da ke ɗauke da wannan jeri ta faɗi ƙarfenta da garinta da shekararta. Sai dai harafin shekara ba ya karantuwa shi kaɗai, domin kowane gari yana da nasa zagayen haruffa, kuma sai an lura da salon rubutun da siffar gidan da aka zaunar da harafin a ciki.

Matsalar tana wajen butocin da ba azurfa ba, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Wajen 1770 maƙeran Sheffield suka fara aiki da wani gauraye da ake kira ƙarfen Britaniya, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kuza ce, sauran kuwa antimoni ne da ɗan jan ƙarfe. Bayan da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar fasahar shafa ruwan azurfa da lantarki a 1840, sai aka riƙa lulluɓe wannan ƙarfe mai araha da azurfa siririya. Irin wannan buta ita ake buga wa EPBM. Wadda aka buga wa EPNS kuwa, a ƙarƙashin ruwan azurfarta akwai gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya. Duk da sunansa na Turanci ya ambaci azurfa, babu ko ƙwayarta a ciki. Haka nan bai kamata a rikita ƙarfen Britaniya da azurfar Britaniya ba, wadda ita azurfa ce ta gaske mai kashi 958 cikin 1000.

Waɗannan kayan shafe ba sa bi ta ofishin gwaji, don haka duk abin da ke gindinsu maƙerin ne ya zaɓe shi. Da yawa sun riƙa jera ƙananan tambura huɗu ko biyar, kowanne a gidansa, da haruffa masu lanƙwasa, har da kambi a wasu, ta yadda mai saye zai yi musu kallon hatimin hukuma. Ba za a kira wannan jabu kai tsaye ba, tunda haruffan na sunan kamfanin ne, amma a fili yake cewa an yi shi ne don ido ya ruɗu. Alamar A1 da ake yawan gani ma yabon kai ne na maƙeri, babu hukumar da ta tabbatar da ita.

Alal misali, a ɗauki butar da aka buga wa sunan James Dixon & Sons, da Sheffield, da hoton ƙaho mai rataye da tuta, da EPBM, da lamba mai alƙaluma huɗu. Kamfanin ya fara ne a 1806 da sunan Dixon & Smith, kuma sunan da ke nuna 'ya'ya fiye da ɗaya bai bayyana ba sai wajen 1835. Haruffan EP sun nuna ba ta riga 1840 ba. Hoton ƙahon kuwa an yi masa rajista a 1879, wanda ya ƙara turo ta gaba. Lambar nan mai alƙaluma huɗu ita ce tarkon da ya fi kama mutane: idan ta zo kamar 1825 sai a ɗauka shekarar ƙira ce, alhali lambar samfuri ce a littafin kamfanin. Abin da za a iya dogara da shi shi ne tambarin rajistar fasali, mai siffar lu'ulu'u, wanda aka yi amfani da shi daga 1842 zuwa 1883, ko lambar da ke bin haruffan Rd daga 1884. Su ma ranar rajistar fasalin suke nunawa, ba ranar da aka ƙera butar ba.

Inda tambari ya goge, jikin butar yakan ba da shaida. A duba wuraren da hannu da gugar shekaru suka cinye, wato mariƙi da bakin murfi da gefen gindi. Idan launin toka-toka ya leƙo, ƙarfen Britaniya ne. Idan ya yi ɗan rawaya-rawaya, gaurayen nikel ne. Idan ja ne, jan ƙarfe ne a ƙasa, wanda ke iya nuna tsohuwar dabarar Thomas Boulsover ta wajen 1743 ta manna azurfa a kan jan ƙarfe da wuta. Ƙarfen Britaniya yana da taushi, yana saurin lotsawa, ba ya amo idan an ƙwanƙwasa shi, kuma ba ya jure wuta. An ƙera irin wannan buta ne don a zuba mata tafasasshen ruwa a kan tebur, shi ya sa wadda aka taɓa ɗorawa a kan garwashi akan same ta da narkakken gindi, tambarin kuma ya tafi tare da shi.